Feshin rina fata: wa ya kamata ya ƙaurace masa?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Bamingam, a Ingila, ta rubuto tana cewa: "Likita, shekara shida ke nan ina da albaras a bayan hannuwana da gefen wuyana. Abokiyar aikina Baturiya za ta yi aure wata mai zuwa, ita da ƙawayenta sun kama rana a wani shagon kwalliya za a yi musu feshin nan da ke sa fata ta yi duhu kamar an sha rana. Sun ce in zo a yi da ni, wai zai ɓoye mini tabon. Ina da asma tun ina yarinya, kuma ina da cikin wata huɗu. Akwai matsala?"

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Shawarata ita ce kada ki shiga ɗakin feshin nan. Ko asmar kaɗai ta isa in ce miki haka, ko cikin kaɗai, balle ga su sun haɗu. Kuma ko da babu su, feshin jiki gaba ɗaya ba zai yi wa albaras ɗinki abin da ƙawayenki suke zato ba. Niyyarsu mai kyau ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin likitocin fata da kansu suna amfani da wannan sinadari wajen rufe tabon albaras. Sai dai ba ta hanyar feshi ba.

Sinadarin da ke yin aikin ana ce masa DHA, gajeren sunan dihaidiroksi-asiton. Tunda kina da ciki, bari in raba miki gardama tun yanzu: ba shi ne DHA ɗin da kike gani a jikin kwalbar man kifi da ake ba masu juna biyu ba. Haruffan ne kawai suka zo ɗaya. DHA ɗin rina fata wani ɗan ƙaramin sukari ne da ake samarwa daga rake ko gwozar sukari ko gilisarin. A shekarun 1950 wata mai bincike a Jami'ar Sinsinati ta Amurka, Eva Wittgenstein, tana ba yara masu wata cutar sarrafa sukari shi su sha, sai ta lura duk inda ya zuba a fatarsu wurin yana yin ruwan ƙasa bayan 'yan sa'o'i. Kafin a ce me, 'yan kasuwa sun kama, zuwa 1960 man shafawarsa ya shiga kantuna.

Idan kin san yadda lalle ke kama hannu, kin fahimci rabin maganar. A saman fatar mutum akwai wani siririn ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta wanda kullum yake zubewa wani yana maye gurbinsa. DHA yana haɗuwa da furotin ɗin wannan ɓawo ne, sai launi ya fito, irin haɗuwar da ke sa bayan burodi ko tsire ya yi ja a wuta. Shi ya sa wanda aka yi wa feshin yake ɗan ƙamshin biskit na kwana ɗaya ko biyu. Launin yana fara bayyana bayan sa'a biyu zuwa huɗu, ya ci gaba da nuna har kwana ɗaya ko fiye, sannan ya koɗe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma yayin da ɓawon ke zubewa. Kamar lalle, ya fi kamawa inda fata ta fi kauri: tafin hannu, gwiwa, gwiwar hannu, idon sahu. Bai taɓa ƙwayoyin da ke samar da launin fata na asali ba, bai ƙara musu komai ba.

Saboda haka idan aka shafa shi da hannu a kan lafiyayyar fata, abin da ke ratsawa cikin jiki kaɗan ne ƙwarai, kuma shekaru sittin na amfani da shi ba su nuna wata babbar illa ba. Inda maganar ta canza shi ne lokacin da aka mayar da shi hazo. A shagunan nan iri biyu ake yi. Ko dai mutum ya shiga wani ɗan ƙaramin ɗaki inji ya fesa masa daga kai zuwa ƙafa, ko kuma ma'aikaciya ta riƙe bindigar feshi tana bin jiki da ita na minti goma zuwa sha biyar. Ko wanne aka yi, iskar wurin cike take da ƙananan ɗigo, kuma mutum ba zai daina numfashi ba. Cikin hanci, leɓe, ido, da huhu ba su da wancan mataccen ɓawo da ke tare sinadarin. Fata ce mai rai, mai danshi, jini yana kusa da ita.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da DHA tun shekarun 1970, amma a kan sharaɗin shafawa a wajen jiki kawai. A ƙa'idarta, wajen jiki bai haɗa da leɓe ba, bai haɗa da kewayen ido ba, bai haɗa da duk wata fata mai danshi irin ta cikin hanci ko al'aura ba. Har yau ba ta amince da fesa shi a jiki gaba ɗaya ba, kuma dalilin da ta bayar shi ne masu sana'ar ba su kawo mata bayanan da ke nuna shaƙarsa ba ta da illa ba. Ta ce mai son shiga ya tambayi abu uku: an kare masa ido da kewayensa? An kare masa leɓe da sauran wurare masu danshi? An hana shi shaƙa ko haɗiye feshin? Idan amsar ɗaya ta zama a'a, to an yi amfani da sinadarin ta hanyar da ba a amince da ita ba. Hukumar ta kuma ce ta karɓi ƙorafe-ƙorafen ƙuraje, tari, jiri, da suma daga waɗanda suka shiga ɗakunan. A 2012 gidan talabijin na ABC ya tara likitoci suka duba binciken da ake da shi, suka nuna damuwa cewa a wasu gwaje-gwaje DHA ya lalata ƙwayar gado ta ƙwayoyin halitta. A ɗakin gwaji aka ga haka, ba a jikin mutane ba, kuma adalci ne a faɗi wannan.

Adalci ne kuma in gaya miki cewa Turai ta fi sassauci. A 2010 kwamitin masana na Tarayyar Turai mai duba lafiyar kayan kwalliya ya ce DHA har kashi 10 cikin ɗari a man shafawa ba shi da haɗari, kuma a ɗakin feshi har kashi 14 bai ga barazana ba. Daga baya, a 2021, Tarayyar ta ƙayyade kashi 10 a matsayin iyaka ga kayan rina fata. Abin da na ɗauka daga haɗa waɗannan biyu shi ne: lafiyayyen mutum da ya yi sau ɗaya ko biyu a shekara, ya toshe hanci, ya rufe ido, a wurin da iska ke fita, haɗarinsa ƙarami ne. Amma lissafin da aka yi don lafiyayye ba a ɗora shi a kan mai huhun da ke saurin harzuƙa.

Ke kin fi ni sanin abin da ke tayar miki da asma. Yawancin masu ita za su ce turare mai ƙarfi, hayaƙin turaren wuta, feshin maganin sauro, ƙurar hunturu. Ruwan feshin nan ba DHA kaɗai ke cikinsa ba. Akwai turaren da ake zubawa don ya danne warin sinadarin, akwai kalar da ke nuna wa ma'aikaciya inda ta riga ta fesa, akwai sinadaran hana lalacewa, wasu kuma da barasar da ke sa shi saurin bushewa. Duk waɗannan a ɗaki ƙarami, a daidai fuskarki. Tashin asma lokacin goyon ciki ya fi na sauran lokuta nauyi, domin iskar da kike shaƙa ta mutum biyu ce, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na masu asma tana ƙara musu tsanani idan suna da ciki. Duk mai wata cutar huhu ta dindindin, ko wanda yake fama da mura da tari a makon, hukuncinsa ɗaya da naki.

Game da cikin kansa, hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta bambanta abu biyu. Ta ce man shafawa ko kumfar rina fata ana ɗaukarsu marasa illa ga mai ciki, tunda ba sa wuce saman fata, amma gara a bar feshi saboda ba a san tasirin shaƙarsa ba. Ta kuma ja hankali cewa ciki yana sa fata ta ƙara saurin harzuƙa, har abin da mace ta saba shafawa lafiya ya zo ya ba ta ƙaiƙayi. Zan ƙara da cewa mata da yawa suna samun duhun fata a kumatu da goshi a wannan lokaci, kuma rinin yakan sa bambancin ya ƙara fitowa. Bayan haihuwa, in kina shayarwa, kada komai irin wannan ya taɓa mama ko inda bakin jariri ke kaiwa.

Yanzu maganar albaras, wadda na san ita ce ta fi damunki.

Inji bai san tabo ba. Zai fesa wa farin wurin da lafiyayyen wurin daidai wa daida, duka biyun su ƙara duhu, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu kaɗan kawai. Kuma launin da DHA ke bayarwa ruwan zuma ne mai karkata zuwa ruwan goro, an tsara shi ne don farar fata. A jikin mai launin fata irin namu, tabon yakan fito ruwan lemo a tsakiyar fata mai duhu, ya fi jan ido fiye da yadda yake a da. Na sha ganin masu albaras sun dawo da wannan takaici ana saura kwana biyu biki, kuma babu sabulun da zai wanke shi a dare ɗaya.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne shirin da ake sa mutum ya yi kafin feshin. Shagunan suna cewa a goge jiki sosai da abin dirza, a cire gashi, don rinin ya kwanta bai ɗaya. Albaras yana da wata ɗabi'a da likitoci suka daɗe da sani: yakan tsiro a inda fata ta ji rauni, ko yanka ne, ko ƙuna, ko gogayya mai tsanani. Idan ciwon yana kan yaɗuwa, dirzar jiki da ƙarfi tana iya buɗe sabon tabo a inda babu. Wannan gargaɗin ya shafi dilka da halawa da ake yi wa amare a gida, don haka ki riƙe shi ko bayan wannan bikin. Idan kuma kina shafa maganin likita a tabon, ko ana haska miki fitilar nan ta asibiti, to sai kin gaya wa likitan fatarki kafin ki sa wani rini, domin yana canza yadda wurin ke karɓar haske da yadda likita ke auna ko maganin yana aiki.

Hanyar da ta dace ita ce ta hannu. Ki samu man DHA maras turare, ki gwada ɗan kaɗan a cikin dantsenki, ki jira kwana biyu. Idan babu ja, babu ƙaiƙayi, babu kumburi, sai ki ɗauki auduga mai tsinke ki shafa a cikin tabon kaɗai, daga tsakiya zuwa gefe, ki tsaya dab da bakin iyaka, domin idan ya hau lafiyayyar fata zai yi wa tabon baƙin zobe. Ki bari ya nuna har gobe, ki duba, in bai kai ba ki ƙara shafi na biyu. Sannu a hankali ake cim ma launin. Amfaninsa a kan hoda shi ne ba ya gogewa a tufafi kuma wanke hannu ba ya cire shi nan take, ko da yake a hannu ya fi saurin koɗewa. Ki fara gwajin tun yanzu, ba daren biki ba, kuma ki sanar da ungozomar da ke yi miki awo. A nan Ingila akwai ƙungiyar agaji mai suna Changing Faces da ke da sashen koya wa masu tabo yadda za su rufe shi da man da aka dace da launin fatarsu. Ga mai fata mai duhu, wannan yakan fi DHA dacewa nesa ba kusa ba, kuma likitan unguwarku zai iya nuna miki hanyar zuwa.

Ga sauran masu karatu, wani abu da ba zan tsallake ba: ba kowane farin tabo ne albaras ba. Akwai ƙyasbi, wanda ƙwayar naman gwari ke kawowa kuma magani ke warkarwa. Akwai kuma tabon da ya koɗe kuma ba a jin taɓawa a kansa, wanda yana iya zama farkon kuturta, ita ma tana warkewa sarai idan an kama ta da wuri. A bari likita ya gani kafin a rufe.

Bayan masu asma da masu ciki, rukuni mafi girma da nake hanawa su ne waɗanda fatarsu ta buɗe. Duk amincin DHA ya dogara ne ga wancan ɓawo na sama, to idan akwai gyambo, yanka, ƙunar rana, sabon zanen jiki, ɗinkin tiyata da bai gama warkewa ba, ko ƙurajen da suka fashe, shingen ya faɗi. Mai cutar ƙaiƙayi da bushewar fata, ko cutar da ke sa fata yin ɓawo mai kauri, idan ciwon ya tashi zai sha raɗaɗi, kuma wuraren ciwon za su sha rinin fiye da ko'ina su yi baƙi ƙirin. Mai shan isotiretinoyin don ƙurajen fuska, ko mai shafa man da ke saɓule fata, zai ga launin yana zubewa dabbare-dabbare. Wadda aka cire wa gashi da kakin zuma ko reza ta jira aƙalla kwana ɗaya.

A nan ne maganar ta taɓo gida. Ana samun matan da suka yi shekaru suna bilicin, suka daina, suna neman abin da zai daidaita musu fuska da gaɓoɓin yatsu, sai wani ya ba su shawarar rini. Fatar da ta sha man sitiroyid da haidirokwinon ta yi siriri, jijiyoyi sun fito, tana saurin yagewa da ɗaukar ƙwayar cuta. Gaɓoɓin yatsun da suka yi baƙi kuma su ne za su fi shan rinin. Irin wannan fata hutu take bukata da kulawar likita, musamman ma da yake yanke sitiroyid farat ɗaya yana da tasa fitinar.

Borin jini daga DHA kansa ba kasafai ake samu ba. Yawanci turaren ne ko sinadarin hana lalacewa. Wasu ruwan feshin suna ɗauke da man almon ko ruwan ɓawon wolnot, saboda haka wanda jikinsa ba ya jituwa da dangin gyaɗar Turawa ya nemi a nuna masa jerin abin da ke cikin kwalbar. Shagon da ya san aikinsa zai ba da takardar tambayoyin lafiya, ya kuma yi gwaji a ɗan wuri kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Shagon da bai tambayi komai ba, ni ba zan tura kowa can ba.

Akwai kuma waɗanda lafiyarsu ƙalau, lokacin ne bai dace ba. Wadda za a cire wa gashi da hasken lesa ta bar rini aƙalla mako biyu kafin nan, domin hasken launi yake bi, kuma fatar da aka rina tana iya ƙonewa. Wanda zai je a duba masa tawadar Allah da ta canza kama, ya je da fatarsa yadda take, saboda rinin yana sauya abin da likita ke gani a madubinsa. Haka wanda aka sa wa ranar tiyata.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin Turawa, kuma ya shafe ki kai tsaye, shi ne zaton duhun rini yana kare rana. Kariyar da yake bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba ta daɗewa. A Amurka doka ce a rubuta gargaɗi a jikin duk man rina fata da ba shi da sinadarin kare rana cewa ba ya hana ƙunar rana. Tabon albaras ba shi da launin da ke tare hasken rana ko kaɗan, yana ƙonewa da wuri, kuma ƙunar kanta tana iya faɗaɗa shi. Ko kin rufe shi da rini har ya ɓace wa ido, a ƙarƙashi yana nan tsirara. Ki riƙa shafa masa man kare rana mai lamba 50 duk ranar da za ki fita, ko da gari ya yi lumshi.

Ki kuma yi hattara da wani abu mai kama da suna. Ana tallar wani feshin hanci da allura a TikTok da Instagram, mai sinadarin Melanotan, wai yana sa fata duhu daga ciki. Ba shi da lasisi a Ingila, hukumar magunguna ta ƙasar ta sha yin gargaɗi a kansa, yana kawo tashin zuciya da amai, yana sa tawadar Allah ta ƙara duhu ko sababbi su fito, kuma babu mai tabbacin abin da ke cikin kwalbar. Ƙwayoyin da ake sha don rina fata, masu sinadarin kantazantin, suna tara ƙananan duwatsu a bayan ido. Gadon haske da ake kwanciya a ciki don fata ta yi duhu kuwa, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a sahun farko na abubuwan da ke jawo sankara tun 2009. Idan wani ya ce tunda feshi bai yiwu ba ki gwada ɗaya daga waɗannan, ki ƙi.

Su ƙawayenki da za su yi, ki isar musu: su nemi matoshin hanci da abin rufe ido, su shafa basilin a leɓe, su bar ɗan kamfai a jiki, su tabbatar akwai fankar da ke zuƙe iska waje, mai sa gilashin cikin ido ta cire shi. Ma'aikaciyar da ke fesa wa mutum goma ko fiye a rana ita ce ta fi kowa shaƙa, ita ta fi bukatar takunkumi. In kin raka su, ki zauna a waje da ɗakin feshin, abin shaƙar maganin asmarki a jaka. Idan kika ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi yana fito, ki fita iska ki shaƙi maganinki, in bai lafa ba ki kira lambar agajin gaggawa, 999, ki gaya musu kina da cikin wata huɗu.